Ɗan Ƙwallon Da Ya Mai Da Faɗuwa Sana'a

An yi wani mutum a garin nan namu, ba a zamanin kakanni ba, jiya-jiyan nan. Ba zan faɗi sunansa ba. Na ga wasunku a sahun baya sun fara zungurin juna, to ku bari, nan masallaci ne, ba shagon gahawa ba.

Mutumin nan ɗan ƙwallo ne, ɗan baya. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi ƙirji, ya ba shi kai mai ƙarfi wanda in ya sa wa ƙwallo sai ka ji ƙarar tun daga bakin gada. Ƙungiyar garinmu ta ɗauke shi tun yana saurayi tana ba shi albashi, a lokacin da sa'o'insa ke sammako cikin dusar ƙanƙara zuwa masana'antar katako. In ya shiga wurin mai burek, gurasar nan tamu mai nama a ciki, shi ake yanka wa tsakiyar faranti. Me ya rage wa bawa irin wannan in ba godiya ba?

Kun san dokar nan ta filin wasa. In ɗan wasa ya faɗi ya riƙe ƙafa, alƙalin wasa na iya cewa a ci gaba, ƙafa za ta jira. Amma in kai ya riƙe, sai a busa usur nan take, ko ina ƙwallo take, a kira likita. Doka ce ta jinƙai. An yi ta ne saboda samarin da kan yi karo su tashi su ci gaba da gudu, daga baya abin ya zame musu ciwon rai da rai. Mutanen kirki suka ga rahama a cikinta, mutuminmu kuwa ya ga ƙofa a buɗe.

Ranar farko, a wani gari suke wasa. Suna gaba da ci ɗaya, masu gida sun taso musu, ƙafafun kowa sun mutu. Ya yi tsalle, kafaɗar wani ta goge shi, sai ya zube ya rungume kai. Aka busa. Likita ya rugo da jaka, ya haska masa ido, ya tambaye shi sunan garin da yake. Kafin a gama, abokan wasansa sun sha ruwa sun sami numfashi, zafin masu gida kuwa ya huce. Suka ci wasan. A mota aka yi ta rera sunansa, koci Sakib ya sumbaci goshinsa ya ce, "Kan nan naka ya fi mana ƙafafun mutum goma."

Ya 'yan uwa, da a ranar an sami wanda ya ɓata masa rai, wataƙila da ba ni da labarin ba ku yau. Amma yabo ya samu, kuma yabo ya yi masa daɗi.

Daga nan ya mai da abin sana'a, kuma in za a faɗi gaskiya, ya ƙware. Yakan zube gaba ɗaya, ya kife fuska, ya bar ƙafa ɗaya tana ɗan karkarwa. Yakan buɗe tsakanin yatsu ya leƙi agogon filin. Ba ya motsi sai an shigo da gadon nan mai kama da makara. Na yi wa mutane da yawa sallar jana'iza a garin nan, ban taɓa ganin wanda ya warke da ganin makara ba sai shi. Ya miƙe a hankali, ya taka zuwa bakin layi yana dafe da likita, ya ɗaga wa alƙali hannu, ya koma ciki da gudu kamar ɗan maraƙi.

Ku kuma kuna tafi. Kada ku sunkuyar da kai, daga tsakar gidana ina jiyo ku.

Alƙalan wasa kuwa kowa da nasa hali. Wani ya ƙara lokacin da aka ɓata, wani ya dubi yawan jama'a ya tuna motarsa na ajiye a bayan filin, sai ya ƙara ɗan abin da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Mutuminmu ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ake daɗewa a kwance a gabansa.

Mutum ɗaya ce a garin nan ba ta san wasa yake ba, mahaifiyarsa Zumreta. A talabijin take kallo. Duk sa'ad da ya faɗi sai ta rufe fuska da gyale, ta yi alkawarin sadaka in Allah ya tashe shi. Washegari ta tuƙa alewa ta raba wa maƙwabta, yadda iyayenmu mata ke yi in an tsallake wani abu. A kakar wasan nan unguwarsu ta ci alewa har yara suka koma tsayawa a bakin titi ranar wasa suna tambayar masu dawowa, "Yau ya faɗi?"

Kyaftin ɗin ƙungiyar a lokacin Izet ne, ɗan gaba, wanda ya fi kowa shekaru. Furfura ta fara fito masa, gwiwoyinsa kullum a ɗaure, kuma kakar nan ce ta ƙarshe gare shi. Wata rana bayan atisaye ya ja mutuminmu gefe ya ce, "Jiya na ga mahaifiyarka a kanti tana sayen sukarin alewa, tana ta yi maka addu'a. Ko dai ka daina, ko ka gaya mata gaskiya."

Ya yi dariya ya ce, "Tsoho, kai dai ka ci ƙwallonka, ka bar ni in tsare maka ita. Ko kana tsammanin gwiwoyin nan naka ne suka kai mu saman tebur?"

Izet ya ci gaba da kwance igiyar takalminsa.

Gargaɗi na biyu daga bakin wani alƙalin wasa ya zo, Velimir, malamin makaranta daga can ƙasan kogi, Kirista ne, mai sanƙo, mutum ne mai gaskiya. Kafin wani wasa ya tsaya kusa da shi ya ce, "Ɗana, na san abin da kake yi. Amma ni ba likita ba ne, ba na ganin cikin ƙoƙon kai. Ko sau nawa ka faɗi, zan busa. Gara ka mai da ni wawa da in bar ɗan wani ya mutu a gabana. Sauran tsakaninka da Ubangijinka ne."

Ya ce, "To ai shi ke nan, alƙali, mun fahimci juna."

Ya 'yan uwa, an ba shi nasiha, shi kuwa lasisi ya ji.

Sai ranar ƙarshe ta kaka ta zo. Garin nan tun da aka kafa shi bai taɓa hawa rukuni na ɗaya ba, ga shi yau muna bakin ƙofa. An rufe shaguna, an rataya tutoci a gada, tsofaffin da ba su san inda raga take ba sun fito da sandunansu. Lissafin mai sauƙi ne. In mun ci, mun hau. In mun yi kunnen doki ma mun hau, matuƙar abokan takararmu, da ke wasa a wani gari a lokaci guda, ba su ci nasu ba. Baƙinmu kuwa dole su ci, in ba haka ba su gangara rukunin ƙasa. Velimir ne ke riƙe da usur.

Wasa ya kai ƙarshe-ƙarshe ana ɗaya da ɗaya, can ma ana kunnen doki. Mutuminmu ya riga ya kwanta sau ɗaya bayan hutun rabin lokaci, filin ya ɗauka da tafi. Ana nan sai wayoyi suka fara ƙara a aljihu. Abokan takararmu sun ci. Labarin ya zagaye filin, kunnen doki ya daina yi mana amfani, dole mu ci. Sakib ya fito bakin layi yana kaɗa hannuwa, "Gaba, ku tafi gaba!" Jama'a duka suka kama.

Mutuminmu kuwa yana cikin gidanmu, gaban raga, yana jiran bugun kwanar baƙi, hankalinsa na kan agogo. Ya ji hayaniya, ya ɗauka kiran sa ake ya yi abin da ya saba.

Baƙi duk suka taso, har mai tsaron gidansu ya baro ragarsa ya zo. Aka bugo kwana. Mai tsaron gidanmu ya naushe ƙwallon, ta tashi ta sauka a gaban Izet. Tsohon nan ya kwasa da gudun da bai yi ba tun yana saurayi, babu kowa a gabansa sai ciyawa da raga. A bayansa kuwa mutuminmu ya riga ya zube, fuska a ƙasa, hannu biyu a kai, ƙafa ɗaya na karkarwa.

Velimir ya dubi gaba, ya waiwayi baya. Ya sa usur a baki ya busa.

Cikin wannan ihu wa zai ji? Izet ya kai tsakiyar fili, ya ji gwiwa na neman cin amanarsa, sai ya ɗaga ƙwallon daga nan. Ta yi sama, ta daɗe a can har na ga wani tsoho kusa da ni ya cire hula, sannan ta sauko ta faɗa cikin raga. Mutane suka rungumi waɗanda suka yi shekaru ba sa gaisawa. Mai burek ya ɗaga limaminku sama da rawaninsa da komai. Sai a hankali idanu suka koma kan Velimir, yana tsaye a gidanmu yana yafito likita. Usur ya riga bugun, ƙwallon ba ta ciyu ba.

Murna ta koma ciki. Izet ya tako a hankali yana ɗingishi, ya zo ya durƙusa kusa da wanda ke kwancen. Mutuminmu bai ɗago ba, ya yi raɗa ta tsakanin yatsu, "Saura nawa a tashi?"

Izet ya ce, "Tashi, ɗan uwa. Lokacin da kake son cinyewa ya cinyu."

Haka aka tashi ɗaya da ɗaya, ba mu hau ba. Wasu suka nufi Velimir, Izet ya sa shi a gaba ya raka shi har mota. Da yamma talabijin ta yi ta maimaita abin a hankali, kowa ya ga babu wanda ya kusanci mutuminmu ko da tsawon hannu, kowa ya ga ido ɗaya yana leƙe.

Ƙungiya ta sallame shi. Ya nemi wasu. Waɗanda suka gaskata faɗuwarsa suka ce kan da ya bugu haka ba za su saya ba, waɗanda ba su gaskata ba suka ce ba sa son maƙaryaci. In ya bi ta gaban makaranta, sai yara su zube a ƙasa su riƙe kai. Masu tafin nan na da, su ne suka fi kowa tsallake titi in sun hango shi. Bai daɗe ba ya tattara ya tafi Ostiriya, yana lodin kaya a wani sito.

To, shekaru sun shuɗe, amma Allah bai manta da garin nan ba. Makon jiya kun gani da idonku, mun hau, Izet ne koci, kuma babu wanda ya kwanta ko sau ɗaya. Alhamdu lillahi. Masu tambayar abin da ya dishe mini murya, sanyin kogi ne, kada in ji wata magana.

Mutumin nan ya zo gida ana cikin bikin. Bayan la'asar, da kowa ya watse, ya zauna kusa da ni a bencin wurin alwala. Ya yi furfura shi ma. Na ɗauka zai yi kukan sana'ar da ya rasa, sai ya ce, "Efendi, limaminmu, har a Ostiriya mutanen garin nan suna ba ni labarin ƙwallon Izet, yadda ta tashi, yadda ta sauko. Ina cikin filin nan ranar. Duk garin ya gan ta, ni kaɗai ban gan ta ba. Ciyawa nake kallo."

Sai na riƙe hannunsa.

Ya 'yan uwa, me mutumin nan ya sata? Bai fasa shagon kowa ba. Tausayin mutane ya sata. Ya tarar da dokar da aka yi don ceton rai, ya tarar da alƙali mai tsoron Allah da uwa mai alkawarin sadaka, ya mai da su duka kayan aiki. Kuma usur ɗin da ya saba sacewa, shi ne ya busa masa ƙarshensa, ba tare da an zalunce shi ko ƙwayar zarra ba.

Kada wani ya ce ni ba ɗan ƙwallo ba ne. Wanda ke zuwa wurin likita yana nishi don a ba shi hutu, washegari mu gan shi a kan tsani yana tsinkar tuffa, shi fa? Wanda ke marairaice wa ɗan uwansa na ƙasar waje, alhali rufin gidansa sabo ne? Duk wanda ya yi ƙaryar ciwo, ya rage wa mai ciwon gaskiya wanda zai gaskata shi. Kuma yayin da yake kwance yana leƙen agogo, alherin da Allah ya aiko masa na wucewa ta kansa bai sani ba.

Ku je ku yi murnarku, halal ce, ku ci ku sha gahawa, ku yi ihu daidai gwargwado. In kun gamu da shi a gada, ku yi masa sallama, ya sha abin da ya isa. Allah ya karɓi tubarsa. Allah ya ba mu lafiyar da za mu gode, ya sa mu tsaya da ƙafafunmu har a busa mana tashi. Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu daga cin amanar masu tausaya mana. Amin.