Manomin da Ya Ɗaure Fatar Goshinsa da Zare

Akwai wani manomi, mutum mai tsoron Allah, sai dai ba ya jure a yi masa kallon tausayi. Wata shekara gyambo ya fito masa a kan hanci, ya ƙi warkewa, yana ta cin nama, har matarsa Kande ta tasa shi gaba zuwa babban asibiti. Aka yanke wurin duka, rami ya rage a tsakiyar fuskarsa.

Likita ya ce masa, "Baba, da fatar goshinka za mu rufe shi."

Ya yanko fata daga goshin, ya juyo da ita ƙasa, ya ɗinke ta ta zama hanci. Amma bai raba ta da goshin ɗungum ba. Ya bar wani tsiri mai kaurin yatsa yana saukowa ta tsakanin gira da gira. Ya ce, "Ta nan jini yake bi yana ciyar da sabon hancin, har ya kama a inda aka dasa shi. Mako uku. Kada kowa ya taɓa, ni zan raba."

Suka koma gida. Kowace safiya Kande tana wanke masa wurin yadda aka koya mata, a hankali, kamar mai wankan jariri. Wata maƙwabciya ta zo gaisuwa, ta kalle shi sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Tun daga ranar bai ƙara leƙa ƙofar gida ba.

Ga kuma Lahadin godiyar kaka ta ƙarato. Shekara talatin shi ke shiga da damin dawa na farko gaban ikilisiya, yana waƙa. Ran kwana na goma ya kira matarsa.

"Maman Tabita, hancin nan ya kama. Dubi ɗinkin, ya bushe. Da wannan abu kamar wutsiyar gafiya zan tsaya gaban jama'a? Ɗaure mini shi da zare, yadda kika yi wa Tabita da aka haife ta da yatsa na shida. Kwana uku ya faɗi."

Kande ta ce, "Wancan yatsan ba ya ciyar da kowa. Ni dai ba da hannuna ba, Maigida. In don kyau ne, sa'ad da na aure ka da hancinka cikakke, ban ga na suma ba."

Ya yi dariya, amma zuciyarsa ba ta sauka ba. Washegari da ta tafi niƙa, ya ɗauki zaren kitsonta ya ɗaure tsirin tam.

Ta dawo ta kawo masa kunu, sai ta ga hancin ya yi baƙi kamar ɗinya. Ta taɓa, ta ji sanyi. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta kwantar da kansa a cinyarta, ta ɗauki reza. Hawayenta na ɗiga a kumatunsa.

"Kada ka motsa," in ji ta. Ta tsinke zaren, ta nemo mota.

A asibiti jini ya dawo sannu sannu, amma gefen hancin na hagu ya riga ya mutu. Likita ya ƙara masa mako biyu. Ranar godiya Kande ce ta ɗauki damin a ka, ta sauke shi gaban ikilisiya da sunansa. Da lokaci ya cika aka raba tsirin cikin ɗan lokaci kaɗan, hancin ya rayu. Giɓin nan na hagu kuwa da shi ya tsufa.

To, ga ma'anar misalin nan, ku ji da kyau. Fatar da aka dasa ita ce sabon tuba. Tsirin nan shi ne mutumin da ya kawo shi wurin Ubangiji, mai zuwa gidansa, mai yi masa addu'a, mai tambayarsa ina ya kwana Lahadin da ta wuce. Zaren kuwa kunya ce da girman kai.

Kai da aka yi wa baftisma bara, kana cewa ka kama, a daina bibiyarka kamar yaro. Ɗinkinka ne ya bushe daga waje, ciki bai haɗu ba tukuna. Ku kuma matan zumunta, kun ziyarci mutum sau biyu kun ce ya isa, ku ma zare kuka ɗaura. Ubangiji kaɗai ya san ranar da mutum zai iya tsayawa, shi zai raba da hannunsa. Kafin nan, wadda ta ga ɗan'uwa ya fara yin sanyi, kada ta tsaya faɗa. Ta ajiye abin da ke hannunta ta je yau, gama nama ba ya jiran gobe.