Farin Yadin da Tela Ya Ɓoye

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya azurta mu da zama a gaban Shaihinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, wanda harshensa bai gushe ba yana ambaton Ubangijinsa, Allah Ya ƙara masa yarda. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da wani tela, ɗan uwanmu a majalisin karatu.

Wannan bawan Allah ya yi wata takwas yana fama da ciwon kai da jiri, har idan ya sunkuya zai zura zare a allura sai ya ga shagon yana juyawa da shi. An auna jininsa, an ɗauki hoton kansa, likita ya ce babu wani mugun abu, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya, domin da ciwon kai mahaifinsa ya fara kafin ya rasu. Kullum yana duba waya, kuma duk cutar da ya karanta sai ya same ta a jikinsa. Abin tausayi, ya daina karɓar ɗinkin da zai wuce kwana uku, wai kada ya mutu da kayan mutane a hannunsa.

"Maigida, likita fa ya ce lafiyarka lau," in ji matarsa.

"Haka suka ce wa Baba," ya amsa.

Daga nan ya sayo farin yadi domin likkafaninsa, kuma tsoro ya sa ya ɗauko bandir guda, kamar wanda zai mutu sau biyu. Ya tura shi ƙarƙashin teburin yanka, ya rufe da guntayen ƙyallaye, bai gaya wa kowa ba.

Wata rana bayan karatun la'asar, mutane sun watse, shi kuwa ya kasa tashi saboda jiri. Shaihi ya dube shi da irin kallon nan nasa na rahama, ya ce, "Ɗana, ina son ka ɗinka mini riga."

"To, Allah Ya gafarta Malam. Wane yadi za a sayo?"

"Wanda ke ƙarƙashin teburinka ya isa."

Tela ya sunkuyar da kai yana hawaye. Shaihi ya dafa kansa, ya karanta abin da Allah Ya hore masa, sannan ya ce, "Ka yi mata aikin hannu a wuya, kada ka yi gaggawa, ko wata shida ne zan jira. Ka kuma je likitan ido ya duba ka, neman magani ba ya warware tawakkali. Ragowar yadin ka ajiye, mai shi zai nema."

Washegari tela ya shimfiɗa yadin a tebur. Ya sha ba mu labari cewa lokacin da almakashi ya ratsa shi, sai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Likitan ido ya ba shi tabarau, ya ce ya rage sunkuyo ya riƙa hutawa. Ciwon bai tafi rana ɗaya ba, wani lokaci yakan dawo, amma idan ya dawo sai tela ya ɗauki rigar Shaihi ya ci gaba da aikin wuyan har zuciyarsa ta natsu. Kafin ya gama, shagon ya sake cika da ɗinki.

Bayan shekara bakwai Shaihi ya amsa kiran Ubangijinsa. Ana neman likkafani sai ga tela ya shigo rungume da ragowar yadin, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Da aka yanka, bai gaza ba, bai kuma yi saura ko taƙi ɗaya ba.

Tela yana nan da ransa, gemu ya yi fari, yana ɗinka wa jikokinsa riguna. Allah Ya haskaka kabarin Shaihinmu, Ya ɗaukaka darajarsa, Ya ba mu albarkacinsa, Ya sanyaya zuciyar duk wanda tsoron ciwo ya hana sakat. Amin.