Takalmin Birkin da Ya Sha Mai

An yi wani mutum a Unguwar Kanawa, mai gyaran keke. Ba zan faɗi sunansa ba, domin har yanzu yana raye. Daga ƙauye ya zo, ba shi da mata, ba shi da dangi a Kaduna. Amma Allah ya ba shi hannu. Kekunan gwanjon nan masu birkin faifai, da yawa wurinsa ake kai su.

Irin wannan birki ba ya shiri da mai. Idan baƙin mai ya zuba a kan takalmin birkin, wato ɗan abin nan da ke matse faifan, sai keke ya riƙa ƙara, ya ƙi tsayawa. Masu sana'ar suna da dabara. Su wanke shi da sifirit, su goge da samfefa, wasu su gasa shi a wuta. Wani sa'in ya gyaru. Wani sa'in kuwa man ya riga ya shige ciki, da zarar birki ya ɗauki zafi sai ya sake tsattsafowa.

Gyaran ba laifi ba ne, ya 'yan uwa. Mai tsoron Allah yakan ce, “Na wanke maka, amma ka yi a hankali, ka nemi sabo.” Shi wannan mutum sai ya goge tsoho, ya sa shi a kwalin sabo, ya ce sabo ne. Da farko gabansa yakan faɗi. Daga baya ya daina faɗuwa.

Yana da aboki guda ɗaya a garin nan, Malam Datti, masinja a wata makaranta. Kullum idan Datti ya taso aiki sai ya jingine kekensa a rumfar mai gyaran, su yi hira har magariba. Ranar Juma'a matar Datti, Hauwa'u, takan aiko musu da tuwo. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da mai gyaran, Datti ne ya kai shi asibiti.

Wata rana Datti ya zuba wa sarƙar kekensa mai, ya wuce gona da iri, man ya ɓata birkin gaba da na baya. Ya kawo keken ya ce, “Abokina, sa mini sabo. Ka san gangarar da nake bi.”

Sabon ya ƙare a rumfar. Me zai hana shi ya ce ya ƙare? Me zai rage masa? Amma hannu ya saba, harshe ma ya saba. Ya ɗauko gogagge ya ɗaura. Ya ce, “Sabo ne fil, hau abinka.”

Bayan 'yan kwanaki, Datti yana saukowa gangara wajen Kawo, wata tifa ta tsaya a gabansa. Ya matse birki. Birki ya yi ƙara, keke bai tsaya ba.

Bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye. Wani makaniki ya kwance birkin a gaban jama'a, kowa ya ga sawun samfefa da maiƙo.

Mai gyaran ya je dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Datti ya hango shi, bai zage shi ba. Ya ce, “Da ka gaya mini babu, ai da na tura keken da ƙafa.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da aka sallame shi daga asibiti, aikin masinja ya gagara, Hauwa'u ta tattara kayansu suka koma Malumfashi.

Ba wanda ya kai mutumin nan ƙara, ba wanda ya doke shi. Mutane dai suka daina zuwa. Zai buɗe rumfa da safe, ya jera sifana, ya zauna. Masu keke su wuce ta gabansa suna tura kekunansu zuwa wani wuri. La'asar ta yi, bencin baƙi ba kowa. Ya koma Rigasa inda ba a san shi ba, can ma ya kasa sabawa da kowa, domin duk wanda ya matso kusa da shi, sai mai gyaran ya ji tsoron ranar da mutumin zai ji labari. Na gan shi kwanan baya. Ya rame, yana magana shi kaɗai.

Ya 'yan uwa, ha'inci ba ya tambayar wane ne a gabanka. Wanda ya saba cutar baƙo, wata rana zai cuci masoyinsa, kuma ba zai iya tsayar da kansa ba. Kai mai awo, kai tela, kai mai sayar da magani, ran wa ke hannunka yau? Faɗi aibin kayanka. Idan babu, ka ce babu. Ƙofar tuba a buɗe take, amma tuba ba ta mayar wa Datti ƙugunsa.

Allah ya tsarkake mana sana'o'inmu, kada ya bar mu da halinmu. Allah ya kiyaye mu. Amin.