Gyaɗar Gizo Mai Kunya

"To, ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu sha, Iya!"

Wata shekara damina ta faɗi, Gizo ba shi da ko ƙwayar iri. Tururuwa kuwa rumbunta maƙil, tana ba manoma rance su biya da kaka, amma sai mutum ya jinginar da gonarsa. Bushiya ta karɓa ta shuka. Gizo ma ya je, da tsamin bakin nan nasa.

"Yanki ya daɗe, iyin gyaɗa nake so."

Tururuwa ta ce, "In ba ka biya ba, gonar ta zama tawa."

"Na yayda!"

Yana isa gida ya ce wa matarsa Ƙoƙi, "Ɗora kasko." Ya soye gyaɗar tas, ya cinye, ya kai ɓawon gona ya binne. Kai, wannan ɗan banza!

Ya koma ya ranto taki, ya sayar a kasuwa, ya ci tsire har da neman ƙarin yaji. Ya sake komawa ya ranto gero, wai zai kira gayya. Ƙoƙi ta dama fura, shi kaɗai ya yi gayyar a gindin tsamiya.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, wallahi ina jin tsoro. Gonar nan ita kaɗai gare mu."

"Yi shiru! Gyaɗa a ƙasa take 'ya'ya. Wa zai gani?"

Kaka ta yi. Bushiya ta biya bashinta, ta cika rumbu, har ta ɗinka sabon zane. Tururuwa ta zo gonar Gizo, ba komai sai ƙaya.

"Malam Gizo, ina ganyen?"

"Ai sabon iyi ne, yanki ya daɗe. Kunya gare ta, ba ta fitowa. Duk aikinta a ƙarƙashin ƙasa. Ki ƙara mini rance, baɗi mu tone gaba ɗaya."

Tururuwa ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Gizo, ni za ka ba labarin ƙarƙashin ƙasa? A can fa nake kwana! Ɗakina yana daidai ƙasan kunyarka. Ɓawon da ka binne, da shi jikokina suke wasan 'yar tsana."

Tururuwa ta karɓe gona. Ƙoƙi ta bi Gizo da muciya, ya ɗare bango, ya maƙale a kusurwar rufi. Har yau yana can, ba shi da ƙasa ko taku ɗaya, tururuwa kuwa ko'ina gidanta.

To kun ji. Rance ba mugun abu ba ne, ga Bushiya nan ta yi arziki da shi. Amma abin da aka ba ka don gona, gona za ka kai, ba ciki ba. Kai Ɗanlami, da kai nake, cire hannunka daga kwandon gyaɗata!

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.