Injin Oksijin da Malam Sammani Ya Kulle a Sito

Akwai wani mutum a Ƙofar Sauri, nan cikin Katsina, ana ce mashi Malam Sammani. Shi ne mai riƙe da makullin sito a wani asibitin gwamnati. Ba ɓarawo ba ne, ko allura bai taɓa ɗauka ba. Ciwonsa ɗaya: aikin ganin ido.

Duk ranar da aka ce manya za su zo duba asibiti, sai ya fiddo sabbin zannuwan gado da wani injin oksijin fil a leda, a jera a ɗakin maza, a ɗauki hoto. Motar baƙi na fita, ya kwashe kayansa ya garƙame.

Wata rana Sista Talatu, mai kula da ɗakin, ta tare shi yana tura injin.

"Malam, don Allah ka bar mana shi. Ga Malam Bala can a gadon ƙarshe, numfashi na gagararsa."

"Sista, in ku ka lalata shi, mi za mu gwada ma baƙi? Danginsa su nemo tukunya a waje."

Baraka, matar Bala, tana tsaye da kwanon kunu tana jinsu. Jama'a, wallahi ko ni da nake ba ku labarin raina ɓaci yake.

Da damina ta kankama, sai ga nimoniya ta kayar da Sammani. Da la'asar aka kawo shi asibitin nasu ranga-ranga, yana kokawa da numfashi. Likita ya ce oksijin, yanzun nan!

Aka laluba aljihunsa aka ciro makulli, aka buɗe sito a guje. Da aka yaye ledar, kowa ya yi salati. Ɓeraye sun cinye wayoyin injin tas, har sun haihu a ciki. Ashe tun da aka kawo shi ba a taɓa kunna shi ba!

Matarsa Rahama ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Shi ke nan, zai mutu ina kallo?"

Sista Talatu ba ta tsaya magana ba. Ta shiga ofishinta ta gangaro wata tukunyar oksijin, aka maƙala mashi. Da ita ya rayu har magani ya kama jikinsa.

Ranar da ya fara tashi zaune, ya kalli tukunyar ya ce, "Sista, wannan ba ta sitona ba ce. Ina aka samo ta?"

"Ka tuna Malam Bala?"

Ya gyaɗa kai. Sista ta ci gaba:

"Danginsa sun nemo tukunya a waje, kamar yadda ka ce. Suna shigowa da ita ƙofar ɗakin nan, rai ya yi halinsa. Bayan Baraka ta fita takaba, ta dawo da ita cike, ta ce sadaka ce ga mijinta. Ta ce kada a kai ta sito, kuma kada a hana kowa."

Sammani ya ce, "Ta san ni aka sa ma?"

"Ta sani. Da na gaya mata cewa ta yi, ai shi ma kowa ne."

Dattijo da gemunsa, ya rufe fuska ya fashe da kuka a gaban marasa lafiya. Kafin a sallame shi ya sa aka buɗe sito aka raba komai ɗaki-ɗaki. Mutane da yawa sun amfana, amma Bala dai ya riga ya tafi.

Darasi: Kayan asibiti na marar lafiya ne, ba na hoto ba. Amanar da ka kulle yau, gobe kai ko ɗanka za ku iya kwanciya kuna nemanta. Ku tura wa 'yan uwa, musamman duk wanda ke riƙe da makullin jama'a.