Reshen Da Kai Ke Kai

Akwai wani mai haɗa manhaja da ake kira Dogo, a wani ƙaramin kamfani mai ɗaki uku da fanka mai ƙara. Gaskiya a faɗa, Dogo ya iya aiki. Matsalarsa ɗaya ce: ya san ya iya, kuma ba ya bari kowa ya manta.

A ofishin suna amfani da wata manhaja mai adana tarihin aiki. Ga waɗanda ba su san ta ba, abin da sauƙi. Aikin kamfani duka yana zaune a rumbu ɗaya. Kowa ya ɓalli reshensa ya yi gyare-gyarensa, in ya gama a haɗe shi da babban reshe, wanda daga shi ake aika wa abokan ciniki manhaja. Akwai kuma wani manuni a rumbun da ke nuna babban reshen. Turawa da sunan kai, irin na jikin mutum, suke kiransa.

Da Manaja ya ce a rubuta littafin jagora da Hausa, Dogo ne ya ɗauka. Bai wahalar da kansa ba, ya fassara manunin da "kai". A babin shara kuma ya rubuta: "Ana iya goge kowane reshe, banda wanda kai ke kai."

Wanda ke duba rubutu kafin a sake shi wani dattijo ne, Baba Ma'ana. Sunan ya bi shi ne saboda ba ka gama magana bai tambaye ka me kake nufi ba. Ya zo teburin Dogo da tabarau a goshi.

"Dogo, wannan 'kai' ɗin, me kake nufi? Kan rumbu, ko kai mai karatu?"

Dogo ko ɗagowa bai yi ba. "Haba Baba. Duk wanda bai gane wannan ba, ya je ya sayar da katin waya."

'Yan ofis suka yi dariya. Baba ma ya murmusa.

"Ni na gane," in ji shi. "Amma ba don ni da kai aka ce a rubuta ba."

Ya koma ya tsara gyaransa ya turo. Dogo ya danna ƙin amincewa, har da ƙara masa cewa littafin jagora ake yi, ba ƙamus ba. Baba bai sake tayar da zancen ba.

To, matar Dogo ma a kamfanin take aiki. Maman Biyu ake ce mata, don tagwaye ta haifa, kuma hutun haihuwar ya yi tsawo har Manaja ya fara ƙunƙuni. Ranar da ta dawo ya gaya mata ƙarara cewa idonsa na kanta. Sai ya ba ta aikin da kowa ke gudu, share tsofaffin rassa daga rumbu.

Abin da ba ta sani ba, tana gida aka mayar da babban reshe kan wani reshen Dogo mai suna "gwaji". Suna ne na wucin gadi, amma ƙyuya ta hana shi canzawa.

Maman Biyu mace ce mai natsuwa. Ta buɗe littafin mijinta, ta karanta layin nan har sau biyu. Ta duba reshen da ita take kai, ta ware shi. Sannan ta bi sauran. Da ta iso "gwaji", ai sunan ma ya isa shaida. Ta goge.

Ba a jima ba wayoyin ofis suka ɗauki kuka. Sabon gyaran da aka yi wa abokan ciniki alkawari ya ƙi fita. Allah ya taimaka Baba Ma'ana na da kwafin reshen a kwamfutarsa, ya mayar da shi kafin azahar. Aiki ya dawo, amma ran Manaja bai dawo ba. Ya tara kowa.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aiki?"

"Ni ce, yallaɓai," in ji Maman Biyu a hankali. "Ban karanta da kyau ba."

Dogo kuwa ya san ba haka ba ne. Da zai shigo taron ya wuce ta teburinta, ya ga shafin a buɗe, ya ga layinsa. Ta karanta da kyau. Rufa masa asiri take yi, a gaban mutanen da ya saba yi wa cika baki.

Ya saci kallon Baba Ma'ana. Dattijon na da gyaran da aka ƙi karɓa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tona komai. Amma ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da bakin riga.

Manaja ya ce Maman Biyu ta miƙa aikinta kafin a tashi, ya sallame ta. Kuma jama'a, Dogo ya yi shiru. Wallahi ya yi shiru, har aka watse.

Ya koma kujerarsa ya kasa taɓa komai. Daga can yana hango ta tana naɗe kofin shayinta a ɗankwali, tana ɓanɓare hoton tagwayen daga jikin allon kwamfuta a hankali don kada ya yage. Ya tuna yadda ta kwana biyu tana murnar dawowa, har sabuwar jaka ta saya. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya miƙe ya shiga ofishin Manaja, ya bar ƙofar a buɗe da gangan.

"Yallaɓai, don Allah ka karanta wannan layin, ka gaya mini me ka fahimta."

Manaja ya karanta. "Banda wanda nake kai mana. Sai me?"

"Haka ita ma ta fahimta. Ni kuwa kan rumbu nake nufi. Baba ya nuna mini tun farko, na yi masa dariya. Laifin nawa ne."

Manaja ya sake karanta layin, ya ja dogon tsaki. Ya ce Maman Biyu ta zauna a aikinta. Ya kuma ce daga ranar littafin ya bar hannun Dogo, ya koma hannun Baba Ma'ana.

Dogo ya je ya tsaya a gaban dattijon. "Baba, ka yafe mini."

"Jawo kujera," kawai Baba ya ce. "Aiki na da yawa."

Suka zauna suka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Aka cire "kai" ɗin nan mai ruɗarwa. Na rumbu ya zama "manunin rumbu", na mai aiki ya zama "reshen da kake tsaye a kai". Aka buɗe shafi a farkon littafin da ke fayyace kowace kalma. Shi ma "gwaji" aka raɗa masa sunan gaskiya.

A gida da yamma, Dogo ya rasa ta inda zai fara. Ya ce mata, "Me ya sa kika ɗauki laifin da ba naki ba?"

Ta ci gaba da ninke kayan yara. "Na ɗauka kai za ka fara magana, Baban Biyu. Na jira ka a taron."

Wannan maganar ta fi tsakin Manaja yi masa zafi. Can ɗaya daga cikin tagwayen ya fara kuka a ɗaki.

"Wa zai ɗauko shi?" ya tambaya.

"Kai," in ji ta. "Ko shi ma sai an fayyace maka?"

Ya tashi ya tafi.

Darasi: In aka tambaye ka me kake nufi, ba raina iliminka aka yi ba. Kalmar da ka ƙi gyarawa don girman kai, wani ne zai yi tuntuɓe da ita, kuma ta yiwu wanda ka fi so ne. In ka yi kuskure, ka riga kowa faɗa. Ku tura wa duk wani Dogo da kuka sani, a ofis ko a gida.