Faifai a Cikin Toka

Ranar Asabar ce, ana yayyafi tun safe.

Akwai wani manomi da matarsa ta rasu. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'a, waƙoƙin kuma daga kanta suke fitowa. Da ciwo ya kwantar da ita, ɗansu ya zauna a bakin tabarmarta, tana faɗa yana bugawa a kwamfuta, har suka zama littafi. Ba a fitar da shi a takarda ba. A faifan kwamfuta aka sa shi.

Manomin nan karatunsa kaɗan ne, amma ya iya ajiya. Ya naɗe faifan a tsumma, ya sa a tukunya, ya zuba toka, ya liƙe bakin da laka, yadda yake yi wa irin wake. Duk wadda ta zo aro sai ya ce, "A'a. Za ku karce shi."

Shekaru suka wuce. Matan da suka san waƙoƙin suka tsufa, suka soma mantawa.

A ranar nan ta yayyafi 'yarsa Keziya ta zo daga birni. Ta ce, "Baba, ina so in koya wa yarana waƙoƙin Mama. Rabi rabi nake tunawa."

Ya fasa lakar. Faifan yana ƙyalli kamar sabo.

Keziya ta juya kwamfutarta, ta duba nan, ta duba can. "Baba, na yanzu ba su da bakin da ake sa wannan."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Abin da ke karanta shi ne aka daina yi."

Ya daɗe yana kallon tokar. Can ya ce, "Ashe sau biyu na binne uwarku."

Keziya ta riƙe hannunsa. Suka shiga ruwan, suna tambaya gida gida, har suka sami wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiyar majami'a. Da ƙyar ta tashi. Littafin ya buɗe, Keziya ta kwafe shi a wayarta. Amma waƙoƙin ƙarshe sun ƙi fitowa.

Ku ji abin da misalin nan yake nufi. Irin da ya daɗe a tukunya yakan mutu da kyaunsa. Shuka ce ke raya iri, ba toka ba. Littattafan da ke cikin wayoyinku, ku riƙa buɗe su, ku kwafe su in zamani ya canja na'ura. Haka kuma Maganar Allah da iyayenmu suka bar mana. Wanda ya kulle ta don ƙauna, yaransa za su tashi ba su san muryarta ba.

Washegari manomin ya ɗauki sandarsa, Keziya na biye da waya, suka je wurin wata tsohuwa, ƙawar matarsa. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Inna, raira abin da kika tuna. Ko baiti ɗaya ne."